Filin Tambaya da Amsa: Man da ya malala a tekun ƙanƙara, ya kifi yake ƙarewa da shi?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta wuce na yi wata magana a gurguje, na ce bayan shekara 26 da haɗarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez an koma gaɓar jihar Alaska ta Amurka an tona an samu man yana nan kwance ƙarƙashin tsakuwa. Toh ashe na taɓo wa kaina aiki, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu tambaya suke, wasu kuwa musu suke yi kai tsaye. Na tsinci guda shida, sauran ku yi haƙuri don yawancinsu abu ɗaya suke tambaya da baki daban-daban.

TAMBAYA: Malam gaskiya ban yarda da maganar nan ba. Mai fa a ruwa ya zube, teku guda, ga igiyar ruwa ga iska ga rana, ta yaya za a ce ya yi shekara ashirin da wani abu bai ɓace ba? Ko dai 'yan rajin kare muhalli ne ke zuzuta abin?

AMSA: Ɗan uwa ban ga laifinka ba, don ko masanan kansu haka suka yi zato da farko, sun ɗauka shekara biyu uku komai zai wanke. Bari mu fara daga tushe. Ranar 24 ga Maris 1989, da tsakar dare, jirgin ya hau kan wasu duwatsun ƙarƙashin ruwa da ake kira Bligh a mashigin Prince William da ke kudancin Alaska, cikinsa ya tsage, ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11 ya kwarara. Kwana uku ruwa yana lafe ba a yi wani abin kirki ba, sai guguwa ta taso ta watsa man, ƙarshe ya shafi gaɓa mai tsawon kusan kilomita 2,000.

Abin da kake faɗa na igiyar ruwa da rana gaskiya ne amma ga man da ke sama kawai. Wanda ya tsiyaya ya shige ƙarƙashin manyan duwatsun gaɓa ya kwanta cikin yashi da ƙananan tsakuwa, shi rana ba ta ganinsa, igiya ba ta kai masa, iskar da ƙwayoyin bakteriya masu cin mai suke buƙata ma ba ta isa wurin sosai, ga kuma sanyi. A 2001 ma'aikatan hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi suka bi gaɓar da shebur suna haƙa ramuka dubbai, sai ka ga an ɗaga dutse an tona ƙasa da tsawon hannu, ruwa ya taru a ramin, kafin ka ce kwabo samansa ya yi ƙyalli kala-kala, wani wurin ma baƙin mai ne mai ruwa-ruwa da warinsa kamar jiya ya zube. An sake komawa a 2015 an same shi. Ba wai gaɓar gaba ɗaya ba fa, kar in yi maka ƙari, 'yan wurare ne nan da can, amma yana nan.

Kuma ka lura mashigin Prince William bai ma shiga cikin da'irar Aktik ba, wato yankin ƙanƙara na ƙurewar arewacin duniya, yana kudu da ita, ruwansa ba ya daskarewa kamar na can sama. A tsibirin Baffin na Kanada, can cikin Aktik ɗin sosai, masana sun zuba ɗanyen mai da gangan a 1981 a wani lungun gaɓa don su ga abin da zai faru, suka bar wani sashe ba su taɓa ba, kuma shekaru gommai bayan nan da aka koma an samu ragowarsa. Sanyi yana sa mai ya yi kauri, sashen da ya kamata ya bi iska ya tashi sai ya yi jinkiri, komai tafiyar hawainiya yake yi.

TAMBAYA: Ni abin da ya ɗaure min kai, a hotunan malalar mai tsuntsaye muke gani sun yi baƙi ƙirin, da karnukan ruwa, ban taɓa ganin kifi ya taso ya rufe ruwa a mace ba. Kifi ai yana ƙasa, mai yana sama, in ya ji wari ya gudu. Toh ina cutarwar take?

AMSA: Yauwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a duk cikin saƙonnin, don a nan gizo ke saƙar. Babban kifi kam sau da yawa yana tsira, yana da ƙarfin iyo kuma hantarsa na iya sarrafa dafin ta fitar. Amma ƙwai fa? Ƙwan kifi ba ya gudu. Inda uwar ta ajiye shi nan yake, ko a manne jikin ciyawar ruwa, ko a binne cikin tsakuwa, ko yana yawo a saman ruwa daidai inda man yake.

Man Exxon Valdez ya zube ƙarshen Maris, kifin herin kuma a watan Afrilu yake zuwa gaɓa ya yi ƙwai a jikin ciyayin ruwa marar zurfi. Wani nau'in kifin salmon da ke yankin shi ma da yawansa a bakin ƙoramu yake binne ƙwansa, daidai inda ruwan teku ke cikowa ya janye. Aka lura shekara bayan shekara har zuwa 1993 ƙwan salmon ya fi mutuwa a ƙoramun da mai ya taɓa gaɓarsu, alhali ido ba ya ganin mai a cikin ruwan ƙoramar. Abin ya ba mutane mamaki. Ashe duk sanda teku ya ciko ya janye, ruwan yana ratsa tsakuwar da ke da mai a gefe, ya ɗebo sinadaran da suka narke ya bi da su ta kan ƙwan.

Sinadaran nan masana suna taƙaita sunansu da PAH, dangi ne babba a cikin ɗanyen mai, kuma waɗanda suka fi yi wa ƙwai illa su ne masu zobe uku a ƙirarsu irin wanda ake kira fenantirin. Ga wani abin haushi, in mai ya kwana biyu a waje masu sauƙin tashi sun bi iska, waɗannan ɗin su ne ke saura, wato tsohon mai ba ya nufin mai marar dafi.

A ɗakin binciken Auke Bay kusa da Juneau, su Ron Heintz da Jeffrey Short da Stanley Rice da Mark Carls suka yi wani aiki mai ban sha'awa. Suka shafa wa tsakuwa mai, suka zuba a bututu, ruwa yana bi ta ciki yana gangarawa kan ƙwan salmon, da ƙwan ya ƙyanƙyashe suka zaɓi 'ya'yan da ido ya ga lafiyarsu ƙalau, suka sa musu alama suka sake su teku, suka zauna jira don shi wannan kifin bayan shekara biyu da yin ƙwansa yake dawowa inda aka haife shi. Da aka ƙirga, waɗanda suka sha ruwa mai PAH kimanin kashi 5 cikin biliyan ɗaya, dawowarsu ta ragu da kusan kashi 15 cikin 100 in aka kwatanta da 'yan uwansu na ruwa mai tsabta. Ba wanda ya ga gawarsu. Sun tafi ne kawai ba su dawo ba.

Kashi ɗaya cikin biliyan ɗin nan dan Allah ku tsaya ku auna shi, giram biyu da rabi ne, wajen rabin ƙaramin cokali, a cikin tafkin ninkaya na gasar Olamfik cike taf. Ƙwan herin kuwa ko hakan bai kai ba an ga ya fara nuna illa. Kafin wannan aikin, ana ɗauka sai ma'auni ya kai kashi ɗaya cikin miliyan kafin a damu, kaga an yi kuskure da ninki dubu kenan.

Me ke kashe su a teku tunda sun fita lafiya? Amsar ta fito daga John Incardona da abokan aikinsa a cibiyar NOAA ta Seattle, tun daga 2004. Zuciya ce. Zuciya na cikin gaɓoɓin farko da ke fara aiki a jikin ɗan tayin kifi, kuma bugun da take yi shi ne ke gyara mata siffa, ruwan jinin da ke bi ta ciki shi ke koya mata yadda za ta lanƙwasa ta yi ɗakuna. In dafin ya yi yawa, a madubin ƙara girma za ka ga bugun ya yi sanyi ko ya rikice, ruwa ya taru ya kumbura kewayen zuciyar da jakar gwaiduwa, muƙamuƙi ya ƙi fita daidai, ido ƙanana, ƙashin baya ya karkace, irin wannan ko abinci ba zai iya kamawa ba, kwana kaɗan ya mutu. In kuma dafin kaɗan ne ba za ka ga komai ba, kifi ne sumul. Amma a wani aiki da suka fitar a 2015 sun raini irin waɗannan 'ya'yan salmon da herin watanni a ruwa mai tsabta, sannan suka sa su cikin bututu mai gudun ruwa ana ƙara ƙarfi a hankali, sai aka ga sun riga 'yan uwansu gajiya, da aka duba zukatansu siffar ta ɗan sauya. Kifin da ke saurin gajiya a teku ai abincin wani ne, kuma shi ma nasa abincin zai riƙa kufce masa.

Bayan malalar mai daga rijiyar Deepwater Horizon a tekun Meksiko a 2010 ma, masana na jami'ar Stanford da NOAA sun gwada man a kan ƙwayoyin zuciyar kifin tuna, suka gano yana toshe 'yan ƙofofin da sinadarin potasiyam ke bi, yana kuma dagula tafiyar kalsiyam, su ne kuwa ke tsara bugun zuciya. Wato ba kifin sanyi kaɗai ba ne, illa dai na sanyi ya fi daɗewa cikin ƙwai.

TAMBAYA: Na taɓa karantawa cewa kifin herin na yankin ya ƙare ƙurmus saboda man. Haka ne?

AMSA: Bai ƙare ba, amma ya faɗi faɗuwar da ta karya masunta, musamman na garin Cordova. Sai dai labarin yana da ƙulli kuma ba zan ɓoye maka ba. Daga 1990 zuwa 1992 an kama herin sosai, har kamfanin Exxon mai jirgin da masu goyon bayansa suka ce kun gani ba abin da ya faru. Sai a 1993 aka fita jiran kifi, mafi yawansa bai zo ba, wanda ya zo kuma ƙanana ne, wasu da gyambo a jiki suna iyo a galabaice, aka gwada aka samu wata ƙwayar cutar bairos mai sa zubar jini a cikinsu. Aka rufe kamun, aka ɗan buɗe a 1997 da 1998, daga 1999 aka sake rufewa aka yi sama da shekara 20 a haka. A rahoton 2014 na kwamitin amintattu da ke lura da farfaɗowar yankin, herin yana cikin waɗanda aka rubuta ba su farfaɗo ba, alhali salmon ɗin can tuni aka ce ya dawo daidai.

Masana sun rabu. Wasu suka ce cuta ce da ƙarancin abinci a shekarar da ta gabata, wasu suka kawo gasar abinci da miliyoyin 'ya'yan salmon da ake ƙyanƙyashewa a gidajen kiwo ana sakewa, wasu suka ce manyan dabbobin teku da ake kira wel da suka ƙaru suna cinye herin ɗin ne suka hana shi tashi. Masu ɗora wa mai kuma suna nuna cewa herin sai ya shekara uku zuwa huɗu yake shiga sahun masu ƙwai, toh 'ya'yan 1989 yaushe ya kamata a gan su? Wajen 1992 zuwa 1993, kuma sun zo 'yan kaɗan ƙwarai.

In ka tambayi ra'ayina, ni ban ga dalilin da zai sa a ce lallai sai ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, an gwada a ɗakin bincike an ga herin da ya sha mai garkuwar jikinsa na raunana cutar ta fi kama shi. Amma wanda ya ce maka an tabbatar ɗari bisa ɗari man ne kaɗai, ya wuce abin da hujja ta ba shi. Babbar matsalar ita ce ba a san lafiyar kifin dalla-dalla kafin haɗarin ba, da me za a kwatanta? Wannan gibin kuwa lauyoyi sun ji daɗinsa, diyyar ladabtarwa ta dala biliyan 5 da aka yanke wa Exxon a 1994 an yi ta ɗaukaka ƙara har 2008, Kotun Ƙolin Amurka ta mayar da ita dala miliyan 507 da rabi, lokacin da yawa daga cikin masunta da mazauna yankin da suka shigar da ƙarar sun riga mu gidan gaskiya.

TAMBAYA: Malam ni malamar bayoloji ce a sakandare. Ina koya wa ɗalibai cewa kifayen Aktik suna da wani sinadari a jini da ke hana su daskarewa. Halittar da ta jure wannan sanyin ba za ta fi sauran jure mai ba?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, kuma abin da kike koyarwa daidai ne. Ruwan teku yana daskarewa a wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili, kuma kifin kod na Aktik, wanda a littafinku za ki gan shi da sunan Boreogadus saida, yana da wasu furotin a jini da ke manne wa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara su hana su girma. Amma jure sanyi daban jure dafi daban, mai ƙarfin ɗaukar buhu ba shi ne mai ƙarfin ciki ba.

Wannan kifin ƙarami ne, yawanci bai wuce tsawon tafin hannu da ɗan ɗori ba, shekarunsa ba su cika wuce shida bakwai ba, amma kusan duk gidan a kansa yake. Shi ke cin ƙananan ƙwarin ruwa masu kitse, shi kuma dabbar ruwan nan da ake kira sil mai zobe-zobe a jiki ta ci shi, farin wel da ake kira beluga ya ci shi, tsuntsayen teku su ciyar da 'ya'yansu da shi, farin beyar, babban naman dajin da ke farauta a kan ƙanƙara, kuma ya ci sil ɗin. A teku mai ɗumi in kifi ɗaya ya faɗi akwai goma da za su maye gurbinsa, a can sama kuwa layin siriri ne.

Yanzu ki duba yadda yake haihuwa. Cikin hunturu yake ƙwai, lokacin duhu, ƙwan kuma mai yawo ne, yana tasowa ya tsaya a ƙarƙashin ƙanƙara ko dab da saman ruwa, ɓawonsa siriri, kuma saboda sanyi sai ya yi wata ɗaya zuwa biyu har fiye kafin ya ƙyanƙyashe, alhali ƙwan wasu kifayen ruwan zafi kwana ɗaya biyu ya fashe. Toh mai in ya zube ƙarƙashin ƙanƙara ina yake zuwa? Shi ma sama yake tasowa ya taru a lungu-lungun ƙasan ƙanƙarar, ɗaki ɗaya da ƙwan. Ƙanƙara ta ci gaba da kauri ta haɗiye shi, ta yi tafiya da shi ɗaruruwan kilomita, in bazara ta zo ya biyo 'yan hanyoyin ruwan gishiri da ke cikinta ya fito kusan sabo, daidai lokacin da 'ya'yan kifi ke fara neman abinci. Ga rana kuma da ba ta faɗuwa a bazarar can, kuma an san hasken rana yana ninka dafin wasu sinadaran mai a jikin 'ya'yan kifi masu jiki garau kamar gilashi, an ga haka a ƙwan herin bayan malalar jirgin Cosco Busan a San Francisco a 2007.

An gwada kod ɗin kai tsaye. Ben Laurel da abokansa a cibiyar NOAA ta Newport a jihar Oregon sun fitar da aiki a 2019, suka sa ƙwan cikin ruwa mai ɗan mai na 'yan kwanaki kacal sannan suka mayar da shi ruwa mai tsabta, waɗanda suka rayu suka taso girmansu ya ragu kuma tsarin tara kitsensu ya lalace. Wannan na kitsen shi ya fi tsaya min a rai, domin ɗan kifi a Aktik bazara ɗaya gajeriya gare shi ya tara guzurin da zai ƙetare hunturun farko, in bai tara ba shikenan, kuma wanda ya cinye shi ma ramammen abinci ya ci. A jami'ar Tromso ta Norwe, rukunin Jasmine Nahrgang sun ƙara da gwada mai tare da ɗumama ruwan da digiri biyu da 'yan kai, sai illar ta fi ta kowanne shi kaɗai, ga shi kuwa wani bincike na 2022 ya nuna tun 1979 Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da matsakaicin duniya.

Wani abu da za ki ba ɗalibai su yi mamaki, a cibiyar binciken teku ta Bergen, Elin Sørhus ta nuna cewa ƙwan kifin hadok ɓawonsa yana da danƙo, ƙananan ɗigon mai suna manne masa ya yi ta shan dafi kai tsaye, shi ya sa ya fi ƙwan ɗan uwansa kod na Atilantika saurin lalacewa duk da dangi ɗaya ne. Irin wannan hujjar na cikin abin da ake kafawa a Norwe wajen hana haƙar mai a tekun Lofoten, inda manyan garken kifin ke zuwa ƙwai.

TAMBAYA: Kifin da aka kama a irin wannan wurin, cinsa yana da haɗari?

AMSA: A taƙaice naman kifi ba ya tara PAH sosai, hantarsa tana farfasa su ta tura cikin matsarmama su fita, shi ya sa ma masu bincike matsarmamar suke tsotsa da sirinji su auna, ko su duba wani sinadarin hanta mai suna CYP1A da ke tashi in kifi ya haɗu da mai. Masu ɓawo irin su kawa su ne matsala, ba su iya farfasawa, tarawa suke yi, kuma bayan Exxon Valdez shawarar da aka ba mutane kenan, kifi ba laifi in ba ya wari, masu ɓawo na gaɓar da mai ya taɓa a ƙyale su. Amma mutanen ƙauyukan Tatitlek da Chenega Bay, 'yan asalin yankin da abincinsu daga teku yake, abin da suke ɗebowa ya ragu ƙwarai a shekarar farko, ai wanda ya ga gaɓar da kakanninsa ke tsince a kai ta koma kwalta ba takardar gwaji ce za ta kwantar masa da hankali ba. Kuma kar a manta kifin ya fitar da dafin ne amma hantar ta sha wuya, wasu daga abin da take farfasawa ɗin suna taɓa ƙwayoyin gado, lafiyar mai ci daban lafiyar kifin daban.

TAMBAYA: Da duk fasahar da Turawa ke taƙama da ita, me zai hana in ya zube su kwashe abinsu kawai?

AMSA: Hmm, ɗan uwa ko a ruwan da ba ƙanƙara abin ya fi ƙarfin kwasa. A Exxon Valdez abin da aka iya tattarawa wajen kashi 14 cikin 100 ne, da ma'aikata sama da dubu goma, kuma wankin gaɓa da ruwan zafi mai ƙarfi da aka yi ya dafa ƙananan halittun da suka tsira daga man, an gudu gara an faɗa zago. A Deepwater Horizon da jirage dubbai, wanda injinan kwasa suka ɗebe daga saman ruwa kimanin kashi 3 ne.

Toh ka ƙara ƙanƙara a kai. Shingen roba da ake zagaye mai da shi ƙanƙara tana yaga shi, injin kwasa yana toshewa, watanni ana duhu, sansanin dakarun tsaron gaɓar Amurka da ke Kodiak kusan mil 1,000 yake daga gaɓar arewacin Alaska. Ana iya cinna wa man wuta in ƙanƙara ta tattara shi ya yi kauri, wannan yana ɗan aiki, amma sai an same shi da wuri. Saura sinadarin tarwatsa mai, wanda ake fesawa ya farfasa shi ya zama ƙananan ɗigo ya nutse cikin ruwa, tsuntsu ya tsira gaɓa ta tsira, amma ka tuna wa ke zaune a cikin ruwan, ka tuna ƙwan hadok mai danƙo. Zaɓi ne tsakanin wanda kyamara ke gani da wanda ba ta gani, kuma kifi ba ya fitowa a labarai.

Wani misalin malala a can sama shi ne na Norilsk a arewacin Rasha, ranar 29 ga Mayu 2020, tankin wata tashar lantarki ta kamfanin Nornickel ya fashe, man dizal kimanin tan 21,000 ya kwarara, kogin Ambarnaya ya koma ja har daga tauraron ɗan adam ana gani, kogin kuma tafkin Pyasino yake shiga, daga nan ruwan ya nufi tekun Kara. Kotu ta ci kamfanin tarar rubul biliyan 146 a 2021 kuma ya biya. A ɓangaren jirage, hukumar sufurin teku ta duniya ta haramta amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan Aktik daga 1 ga Yuli 2024, sai dai an bar ƙofofin rangwame da za su bar jirage da yawa su ci gaba har 2029, a daidai lokacin da ƙanƙara ke ja da baya hanyar arewacin Rasha ke ƙara samun jirage, Norwe kuma tana fitar da ɗanyen mai daga tekun Barents da ke arewacinta tun da rijiyoyin Goliat suka fara aiki a 2016.

Mai tambaya a kan ko dabbobin wel masu farauta na mashigin Prince William sun farfaɗo, na ga saƙonka har sau biyu, garken da ake kira AT1 su 22 ne kafin haɗarin, suka koma 7 kuma ba su sake haihuwa ba, amma wannan zance ne mai tsawo, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.